Tulun Tokar Baba

Zuoying, Kaohsiung
9 ga Maris, 2019

Zuwa ga ƙanena Chia-tung,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Yueh-o da yara a can Kunshan, ƙetaren teku. Kakanninmu su tsare ku, su ƙara muku lafiya. Mu ma nan ƙalau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da sandarta tana yi wa mai kifi tsiya. Na fara da gaisuwa ne don haka aka rene mu, ba don raina ya so ba.

Ranar Talata na je hasumiyar ajiye tokar mamatan da aka ƙona in goge ma'ajiyar Baba kafin bikin sharar kaburbura. Na buɗe, babu tulun tokarsa. Tsoho Kho mai gadi ya ce ai ɗan marigayi ya zo watan jiya da takardu, ya sa hannu a matsayinsa na ɗa namiji, ya ɗauka. Da na dawo gida na bincika a intanet, na ga bidiyon bikin da aka yi. Ga ka a ƙauyen Baba a Shandong rungume da tulun, bayanka jan ƙyalle an rubuta wai tsohon soja ya dawo ƙirjin ƙasa uwa, wani jami'i yana jawabi cewa tsibirinmu ma haka zai dawo. Kai kuwa sai gyaɗa kai kake. Ina fata izinin faɗaɗa masana'antar taka ya fito, Chia-tung.

Na san za ka ce ka tambayi Baba. Kho ya ba ni labari. Ya ce ka kunna turare, ka jefa 'yan katakon nan biyu na tambayar mamata, suka faɗi duka a rigingine, wato Baba dariya yake maka. Ka sake, suka kife: a'a. Ka yi ta jifa har turare uku suka cinye. Kho ya ce maka, yaro, ko a gidan caca akan san lokacin tashi. Da ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe, wato i, sau ɗaya tak, sai ka suri tulun. Yardar mamaci sau uku a jere take, har jikokinmu sun sani. Ba tambayarsa ka yi ba, gajiyar da shi ka yi.

Kuma me ya kai ka tambayar katako, bayan ya faɗa mana da bakinsa? Yana ɗan shekara sha shida sojojin 'yan kishin ƙasa suka ɗaure shi da igiya a hanyar kasuwa suka sa shi a jirgin ruwa zuwa tsibirin nan. Shekara kusan arba'in suna ce masa baɗi za a koma a kori 'yan kwaminis. Da aka buɗe hanya ya je ƙauyensu, ya tarar an daɗe da nome kabarin kakarmu, wai uwar maƙiyi ce. Kana zaune a teburin nan ranar da ya dawo ya ajiye sandunan cin abinci ya ce waɗannan sun sace masa ƙuruciya, waɗancan sun sace masa uwa, idan ya mutu a bar shi kusa da matar da ta aure shi ba ya da ko kujera. Shekara ashirin da bakwai na koyar da tarihi, na karanta ƙaryar ɓangarorin biyu har na haddace. Kowannensu ya yi amfani da Baba da ransa. Ban taɓa zaton ɗansa ne zai miƙa musu tokarsa ba.

Mama ba ta sani ba. Ma'ajiyarta na nan jikin tasa, da sunanta da jan fenti tunda tana raye. Jiya ma ta ce in sayo fulawa, za ta turara masa burodin da yake so. Ranar bikin, biyar ga Afrilu, zan kai ta. Ko dai ta tarar da mijinta a wurinsa, ko ta tarar da kai tsaye a gaban ma'ajiyar kana yi mata bayani da bakinka. Ba zan yi mata ƙarya dominka ba, ba kuma zan faɗa a madadinka ba. In ba ka zo ba, zan miƙa mata mabuɗin ta buɗe da hannunta.

Ka gaida Yueh-o, na san ba shawararta ba ce. Ka gaida Pei-shan da ƙanenta Yu-han. Mama na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.

Yayarka,
Hsiu-chuan