Shafin Bintul Wadi

Laraba, 21 ga Zulhajji 1382 (Mayun 1963)
Alhazai sun watse, unguwarmu Utaibiyya ta koma shirunta. Shafin mata ya fito da sharhina kan Amurka, inda 'yan sanda suka saki karnuka kan yaran baƙaƙen fata. Mai jarida ya aiko da yabo ta bakin maigidana Ja'afaru, wanda ke jera musu haruffa a maɗaba'a. Mace ba ta shiga ofishinsu, don haka shi ke kai musu aikina. Sunan aro kawai suka sani, Bintul Wadi. Ba su san matar baƙin ma'aikacinsu ce ke shirya shafin ba.

Lahadi, 25 ga Zulhajji
Hajo maƙwabciyata ta dawo daga layin ruwa tana huci. Wata ta ture mata garwa, ta ce "wakhkhiri ya abda", wai baiwa ta matsa. 'Yan watannin baya aka haramta bauta a ƙasar nan, bakin mutane ne bai ji sanarwar ba. Na zauna na rubuta sharhi a kai.

Laraba, 5 ga Muharram 1383
An dawo mini da sharhin Hajo, ba a buga ba. Wai irin wannan abu a Amurka yake faruwa, nan duk 'yan'uwa ne.

Asabar, 8 ga Muharram
Matar mai jarida na gayyatar Bintul Wadi shan shayi, ƙawayenta na son ganina. Ja'afaru ya ce, "Ramlatu, ki ce ba ki da lafiya. Suna ganin fuskarki shafin nan ya tafi." Na ce ai da fuskar nake rubutun. Tsoronsa na ba ni haushi, ya fi ba ni haushi don na san yana da gaskiya.

Litinin, 10 ga Muharram
Na je. A lulluɓe, aka yi mini ahlan wa sahlan tun daga ƙofa. Ina shiga ɓangaren mata na yaye fuska, uwargidan ta nuna mini bayan gida da haɓa, wai kayan wankin na can. Ta ɗauka mai wanki ce.
Na ce "ana Bintul Wadi", wato ni ce.
Sai dariyar kunya, sai shayi. Wata ta ce masha Allah, takruniyya, wato baƙar mace irina, da Larabci haka. Wata ta tambaye ni, cikin ladabi kuwa, wa ke rubuta mini. Nan zuciya ta ɗebe ni, na karanto musu labarin Hajo da ka, tun daga garwar har kalmar. Ba wadda ta dube ni. Uwargidan ta ce shayina zai huce.
Na yi kuka a hanya, kukan takaici. Lulluɓi ya yi rana.

Alhamis, 13 ga Muharram
Saƙo ya zo. Shafi na nan, in zan tsaya kan girki da renon yara. In ba haka ba akwai wata ƙanwar uwargidan mai sha'awa. Ja'afaru bai ci abinci ba.

Juma'a, 14 ga Muharram
In na bari, wa zai ƙara faɗa? In na zauna, me zan faɗa?

Talata, 2 ga Safar
Na zauna. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne, sai ƙura ta lafa.

Lahadi, 21 ga Safar
Cikin saƙonnin masu karatu akwai na wata uwa daga unguwar Ka'akiyya, Sa'adatu. A makarantar 'yan mata malama na zaunar da 'yarta a layin baya, ita da sauran baƙaƙe. Ta ce ni kaɗai take ganin za ta iya bugawa, tun da ta karanta abin da na rubuta kan Amurka.
Na sa shi a shafi, na sake cirewa. Babu wanda ya ce in cire. Fili ne ya yi kaɗan, fili ne kawai. Na cike gurbin da yadda ake fitar da tabon shayi daga farin mayafi.
Ja'afaru ya karanta ya ce ya yi kyau. Bai ɗago ya dube ni ba.