Sunan Kakar Hajiya Rabi

Daren Lahadi, 9 ga Maris, Vénissieux, Faransa

Har yanzu raina tafasa yake. Yau a gidan suna a Saint-Fons, Nafisa, 'yar da na haifa da cikina, ta tashi gaban mata ta karanta labarin da ta rubuta don gasar makaranta. Wata baiwa ce da ɗiyar ubangidanta a Damagaram, aminan juna har bayan an hana bauta. Labari ya yi daɗi, ban musa ba. Amma ta kira baiwar Nagode, ta faɗi unguwa, har da tsagar fuskarta. Kakar aminiyata Hajiya Rabi ke nan.

Wata ta ce, "Ashe dai gaskiya ne!" tana gyara mayafi. Marar kunya! Wa ya zaɓi kakarsa? Rabi ta ajiye faranti, ta sa takalmi, ta fita. Matar da ta kwana uku a asibiti tana jinyata da na haifi yarinyar nan.

A taram, jirgin ƙasa na cikin gari, na ce wa Nafisa, "Ke, wa ya koya miki tonon asali?"

Ta ce, "Mama, tarihi ne, ba abin kunya ba. Kuma ke kika ba ni sunan."

Na ba ta, a kicin, don ta san darajar matar. Amma Rabi ni kaɗai ta faɗa wa, amana.

Na kira Rabi a waya sau huɗu, ba ta ɗauka ba. Gobe da safe zan je gidanta, ba tare da Nafisa ba. Bakin da ya fara ɓari shi zai ba da haƙuri.