Wai Ni Ne Ɓarawon Agogo

Ingila, 9 ga Maris, 1976

Yaya Mahmudu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Inna da Hansai da yara. Ni lafiya lau, sai dai kwas ɗin 'yan sandan nan ya ishe ni.

Ana koya mana gane mai laifi daga halayyarsa. Malaminmu, wani Bature mai furfura, ya ce duk wanda ya kasa kallonka cikin ido ƙarya yake yi. Jiya ya sa ɗayanmu ya ɗauke agogonsa a ɓoye, ya bi mu da tambayoyi, sannan ya nuna ni, wai na sunkuyar da kai. Yaya, mutumin nan sa'an Baba ne, ta yaya zan zuba masa ido? Na ce da wannan karatun sai a ɗaure duk Tudun Ƙofa a bar marasa kunya. Ya ce haka littafi ya ce.

Jarrabawa saura mako biyu, kuma shi zai duba. Yanzu kullum ina gaban madubi ina koyon zare ido.

A aiko mini da yaji. Ka roƙa mini Inna gafara tun yanzu, ko da zan dawo in kalle ta haka.

Ƙaninka,
Abdulsalami