Kwali Na Bakwai

Roundup, Montana, 2 ga Oktoba

Lorna 'yata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Wendell. Da hannun hagu nake rubutu, ki yi haƙuri, ko da na dama ma ba wani kirki yake yi ba.

E, bindigar kakanki ta fashe a hannuna. Ɗinki tara, yatsu suna nan duka biyar. Albarushin zamani ne ba shi da kyau, ba idona ba. Tun kafin a haife ki aka daina sayar da harsashin wannan bindigar, ni nake haɗa mata harsashi da kaina, ina ɗura albarushi a kwanso, haka sauran bindigogi ashirin da uku da ke jikin bango. Ban taɓa rubuta awon albarushin ko ɗaya ba, duk suna kaina. Kowane kwanso sai na haska shi da tocila na ga albarushin kafin in ɗora dalma. Shekara sittin ke nan.

Kada ki turo mini likitan nan mai tambayar yau wace rana ce.

Ubanki,
Orval

Billings, 9 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka, ya hannun?

Kwalin harsashin da ka ba Wendell a watan Agusta na kai wa maƙerin bindiga ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Cikin ashirin, uku an zuba musu albarushi sau biyu. Biyu babu komai a ciki. Da su Wendell zai fita farautar bana, Baba.

Na gaji da faɗa da kai a waya. Riƙe bindigoginka, ka goge su, ka ba baƙi labarinsu. Injin ɗura harsashin kawai nake so ka ba ni. Kuma ka faɗa mini wa da wa ka ba harsashi bana.

'Yarka,
Lorna

13 ga Oktoba

Lorna,

Na gaishe ki. Maƙerin naki yaron jiya ne, amma na buɗe nawa da kaina, na ga abin da ya gani.

Na zauna a kan bencin aikina har rana ta juya. Ba kuskuren ne ya dame ni ba, kowa yana yi. Ina tuna na haska su. Ina ganin kaina riƙe da tocilar, sahu-sahu. Ashe ko wata shekarar nake tunawa.

Kin san mutanen nan, duk mai tsohuwar bindigar da kanti ya manta da ita wajena yake zuwa. Arlo Stenseth ya ce mini, "Tsoho, in ka mutu sai dai mu jefi barewa da dutse." Na ce ko yanzu dutsen zai fi maka. Muka yi dariya, ya tafi da kwali.

Injin yana bakin ƙofa, na kwance shi. Sunayen kuma ki ba ni kwana biyu.

Ubanki

16 ga Oktoba

Lorna,

Kwali bakwai na bayar, gurbinsu yana nan a kan katako. Sunaye shida na tuna, na kira su duka. Na bakwai na kasa tuna wanda na ba.

Ranar Asabar ta sama ake buɗe farauta. Ki zo da mota, mu bi gida-gida. Ke za ki yi magana, ni ba zan iya ba.

Ubanki