Sai Napari Ta Zo

Zogbeli, Tamale
24 ga Yuni, 2024

Yaya Sahada,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Malam Sheriff da ɗan rigimata Basit. Yaya mutanen Kumasi, yaya kuma jikin Mama? Allah ya sa kun yi Babbar Sallah lafiya. Soyayyen naman da kika aiko ya iso, sai dai na ga alamar direban ya sa masa albarka a hanya.

Na san za ki yi dariya ki ce Zuleiha ga waya a hannu ta koma rubuta wasiƙa kamar tsohuwa. Yi dariyarki. Gidan nan ko tari ka yi sai an ji a ɗaki huɗu, kuma maganar da ke bakina ba ta faɗuwa a nan. Yaya, ina da ciki. Wata huɗu ke nan. Wallahi da na rubuta kalmar sai da na waiga.

Kin tuna ranar da za a kawo ni gidan Dagomba kika ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemo taka ka ɗaura? To ga wutsiyar. A gidan su mijina Andani, cikin fari ba a ambatonsa sai 'yar'uwar miji ta zo ta bayyana shi. Za ta dafa kafaɗarki a gaban mata ta ce da yarinya ce ke, yau kin girma, a ɗaura miki tsakiya, wato dutsen ado, a yi dafe-dafe. Kafin nan duk wanda ya furta, wai ya jawo wa cikin lalacewa. Mai yi mini ita ce Napari, yayar Andani, wadda take sayar da doya a Accra. An sa ran za ta zo da Sallah, ba ta zo ba.

Kada ki ɗauka ana wulaƙanta ni. Surukata Mma Sanatu ta hana ni ɗaukar bokiti, kuma kullum sai na tarar da ƙarin nama a ƙasan tuwona. Ta sani, na san ta sani, ba mai cewa uffan. Wani lokaci abin har daɗi yake yi mini.

Damuwata ɗaya ce, awo. Na gaya wa Andani ina so in je, ya zare ido kamar na ce zan yi sata. Ya ce ƙaramin asibitin unguwarmu yana daura da rumfunan ƙawayen Mma, in aka gan ni a layin masu ciki, ko da littafin awo a hannu, ai na yi shela ke nan. Ya ce in yi haƙuri sai Napari ta zo. Lafiyata ƙalau dai, ina zuwa shagon ɗinkina a Aboabo kullum, har na ɗinka wa kaina manyan riguna biyu.

Don Allah kada ki gaya wa Mama. Kin san bakinta, kafin Magariba duk zango ya ji, ya dawo kunnen surukaina.

Ki shafa mini kan Basit.

Ƙanwarki,
Zuleiha

Zogbeli, Tamale
27 ga Agusta, 2024

Yaya Sahada,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kowa yana lafiya, da Mama da yara da maigidan. Na ga amsarki, na kuma sha faɗan da ke ciki. Kin ce in ɗauki mayafina in tafi asibiti ko da sama da ƙasa za su haɗe. Daga Kumasi faɗar haka ba wuya.

Napari ba ta zo ba har yau. Sabuwar doya ta fito, ta ce in ta bar rumfa yanzu ta bar cinikin shekara. Ta yi alkawarin zuwa lokacin bikin Damba, saura mako uku. Ita ma ba wanda ya gaya mata dalili ƙarara, sai dai Mma ta ce mata a waya ana bukatarta a gida. Ni kuwa wata shida, rigunan da na ɗinka sun daina rufa mini asiri, amma kowa yana kallon fuskata kawai yana tambayar yaya ɗinki.

Yaya, ba ni da lafiya, kuma ina jin tsoro. Ƙafafuna sun kumbura, ba na iya taka keken ɗinki sai in huta sau goma. Zoben da Mama ta ba ni da sabulu na cire shi. Kaina yana sarawa tun safe, kuma jiya ina zura zare a allura sai na ga wasu ƙyalƙyali suna yawo a idona. Mma ta ga ƙafar, ta jiƙa mini saiwa, ta ce kowace mace tana yin haka a irin wannan lokaci. Wane lokaci? Ba ta faɗa ba.

Akwai wata ungozomar asibiti mai suna Hagar, 'yar kudu ce, tana haya a bayan gidanmu. Ranar Asabar ta tare ni a bakin famfo, ta duƙa ta danna mini idon sawu da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Sai ta ce da ƙarfi, da Hausarta ta kasuwa, in zo ɗakinta in auna ta za ta ɗinka riga. Da na shiga, ni aka auna. Ta ɗaura mini abin gwada jini sau biyu, fuskarta ta canza. Ta ce jinina ya hau sosai, irin hawan da yake kayar da mace ya tafi da ita da abin da ke cikinta. Ta ce gidaje da yawa yanzu suna yin al'adar nan da wuri don a samu zuwa awo, kuma jikina nawa ne, ba na bukatar izinin kowa kafin a duba ni. Na ce mata haka ne, amma ba ita za ta ci tuwo a gidan ba bayan an ce ta tona ciki.

Na gaya wa Andani komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi ya riƙe kai, ya ce matar wani abokinsa ta faɗi nata da wuri ya zube, in wani abu ya faru bayan mun je asibiti, uwarsa ba za ta yafe masa ba. Ya roƙe ni mako ukun nan kawai. Mutumin da yake tuƙa yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, yana kai matan mutane awo kullum, tasa matar ta gagare shi! Na faɗa masa haka a fuskarsa, sannan na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na ce to.

Hagar ta zo nemana sau biyu, na ce a ce ba na nan. Kunyarta nake ji. A shago, in ba kowa, ina haɗa ƙyallayen da suka rage ina ɗinka 'yan riguna, na ɓoye su a ƙarƙashin atamfofin mutane. Cikin yana motsi sosai, musamman in na sha koko.

Ki yi mini addu'a, kuma har yanzu kada Mama ta ji.

Taki,
Zuleiha

Zogbeli, Tamale
6 ga Nuwamba, 2024

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, Allah ya ƙara wa Mama sauƙi. Na gode da kiran da kike ta yi. Ki yafe mini da nake cewa da sauƙi kawai in kashe. Andani ya gaya miki an yi mini aiki, kin kuma gane sauran. Yau na ji zan iya ba ki labarin da kaina.

Ranar da Napari za ta iso, ana gobe Damba, da hantsi ina tsakar gida ina tsince shinkafar bikina. Na tuna tiren ya yi mini nisa, daga nan ban san komai ba. An ce faɗuwa na yi ina jijjiga, na ciji harshena. Matar ƙanen Andani, Mashudatu, ita ta ruga ta kira Hagar. A yalo-yalon Andani aka kai ni babban asibiti. A ƙofa aka tambayi Mma me ke damuna, Hagar ta ce Mma ta kasa faɗa, sai da aka daka mata tsawa sannan ta ce ciki ne, wata bakwai. Ranar aka fara furta shi.

Mace ce, Yaya. An ciro ta da rai, aka sa ta a kwalba, ta kwana biyu. Ni ina kwance ban farfaɗo sosai ba. Ban taɓa ta ba. Hagar ta ce tana da gashi da dogayen yatsu. Likita ya ce da na zo tun wata biyu da suka wuce, da magani da kulawa, da wataƙila an riƙe cikin ya ƙara ƙwari. Ya ce wataƙila, na riƙe wannan kalmar don in iya barci. Na san rai na Allah ne, amma na san ni ce na ce a ce wa Hagar ba na nan.

Napari ta iso da La'asar ran nan, da tsakiyarta da buhun doya. Ta zo gadona ta yi kuka har ta ba ni tausayi, tana cewa da an gaya mata a fili da ta bar doyar ta ruɓe. Abin da ya ƙarasa ni shi ne gwaggon Andani da ke Nyanshegu. Da ta zo gaisuwa ta ce ai ita ma tana da ikon bayyana cikin, da an aiko mata da ta zo tun yana wata uku. Nyanshegu fa, Yaya, ko minti goma ba a yi a babur! Ba wanda ya aika, don aikawar sai an faɗi dalili.

Na yi arba'in ban yi wa kowa magana mai tsawo ba. Nono ya zo ya yi ta zuba, Mma ce take ɗaure mini ƙirji da zane, tana yi hawayenta yana ɗiga a kafaɗata. Na so in tsane ta, abin ya ƙi. Andani ya rame, ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma ban san ranar da zan iya ba.

Makon jiya na lura Mashudatu tana yawan tofar da yawu, ta daina shiga kicin in ana suya, kuma na ga Mma ta karɓe mata bokiti. Na ga ƙarin nama a tuwonta. Washegari da safe, mata duk suna tsakar gida, na tsaya a bakin ɗakina na ce Mashudatu tana da ciki, kuma ranar Litinin zan kai ta awo, mai son yin al'ada ya aika Nyanshegu yau. Wallahi har taɓarya ta tsaya. Yarinyar ta fashe da kuka don tsoro, wata tsohuwa ta ce bakin Bahausa ya jawo mana. Na ce na ji, nawa cikin ba wanda ya ambace shi, ina yake?

Mma ba ta amsa gaisuwata ba kwana uku. Ba ta aika Nyanshegu ba sai ran Lahadi. Ran Litinin na fito riƙe da hannun Mashudatu, muka wuce Mma tana zaune a ƙofa, ba ta ɗago ba, ba ta kuma hana ba. An auna yarinyar, an ba ta littafi, a hannu ta riƙo shi muka bi ta gaban rumfunan. Ban san ko in wani abu ya samu cikin nan za su bar ni in zauna a gidan ba. Ina tunanin haka kullum.

Na haɗo da wata 'yar riga cikin wasiƙar nan, mai ɗigon shuɗi, ita na fara ɗinkawa. Sauran na ajiye wa Mashudatu. Ki kai wa Mama wannan. Na hana ki faɗa mata sau biyu, yanzu ina roƙonki. Ki ce mata Zuleiha ta yi ciki, ta haifi mace, ta kwana biyu a duniya. In tana so ta gaya wa duk zango, ki ƙyale ta.

Ki gaida Malam Sheriff da Basit. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Zuleiha