Ganyen Wankan Jego a Bututun Surukina

Assalamu alaikum Anti Zubaida. Don Allah ki taimaka mini da shawara, abin ya fi ƙarfin kaina. Ki yi haƙuri da rubutuna, a firamare na tsaya. Acaɓa nake yi tsakanin Daura da Kongolam.

Maganar banɗaki ce, amma a gaskiya maganar surukina ce. Magini ne, ya tsufa ya ajiye aiki. Da na yi ɗan ginina, shi ya zo da kansa ya yi mana banɗaki kyauta, masai na zama a gefe guda, baho na siminti da tayil a ɗaya gefen. Anti, da kin ga yadda dattijon nan ke aiki. Kowane tayil sai ya ƙwanƙwasa shi ya saurara. In ya shimfiɗa bututu sai ya zuba ruwa da buta ya bi shi da ido har ya fita. Ni dai yashi nake miƙa masa kaina a ƙasa, don ko ido ba ma haɗawa. A nan na ga ya haɗa bututun bahon da na masai a bayan ɗaki, suka zama ɗaya suka nufi sokawe, ramin da ƙazamin ruwa ke taruwa. Tun daga lokacin bai taɓa ba mu matsala ba.

To maiɗakina ta haihu, na biyu ke nan, shi ya sa ba ta tafi gida wanka ba. Gwaggonta ta zo daga Baure tana yi mata wankan jego. Ita ma baiwar Allah ce, wallahi. Ta bar gonarta da jikokinta, kullum safe da yamma tana kan tukunya, hayaƙi na cin idonta, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. A cikin bahon take yi mata wankan, da ganyen darbejiya. Na lura ganyen na taruwa a kan ɗan murfin rariyar ya tare ruwa, sai ta cire murfin ta ajiye a taga. Ruwa ya riƙa wucewa da sauri, ganye na bin sa.

Ba a jima ba sai na fara jin bahon na ƙugi in an kora ruwa a masai, kamar mai kurkure baki. Daga baya in an zubar da ruwan wanka sai ruwan masai ya yi ta kumfa. Yanzu kuwa, ki gafarce ni, in an kora sai ƙazamin ruwa ya ɓullo ta rariyar bahon, a wurin da mai jego ke zama. Nakan wanke kafin su shiga, amma hankalina bai kwanta ba.

Na kira wani mai gyaran famfo ya duba. Ya ce haɗin ne kuskure, sai an fasa tayil an raba bututun. Anti, yaya zan sa guduma a aikin mutumin da ya ba ni 'yarsa ya kuma yi mini gini? In ya zo ganin jika ya tarar an farfasa, da wane ido zan dube shi? Gwaggo kuma ba ni da bakin da zan ce mata ganyenta ne. Kuma ina tsoron lafiyar matata. Me zan yi?

Naki, Mai Haƙuri, daga Daura.

Wa alaikumus salam Mai Haƙuri. Barka da arziki, Allah Ya raya.

Ka ce karatunka bai yi nisa ba, amma idonka ya gama rabin aikin. Na kai wasiƙarka wurin wani tsohon mai aikin famfo da na yarda da shi, kuma abin da ka hango shi ma shi ya hango. Haɗa bututun wanka da na masai ba laifi ba ne, haka ake yi a gidaje da yawa. Alamun da ka lissafa na toshewa ne a gaban mahaɗar. Ruwa in ya rasa hanya baya yake komawa, ya fito ta ƙofar da ta fi ƙasa, wato rariyar baho. Bututun da ya daɗe yana aiki lafiya, bai tashi ciwo ba sai da ganye ya shige shi, ba guduma yake buƙata ba tukuna.

Lafiyar mai jego ce gaba da komai, kuma ba ta jiran kunya. Daga yau a daina kora ruwa a masan nan har a gyara, ku roƙi maƙwabta arziki in ba ku da wani. A wanke bahon da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada ka zuba asid ko soda a rariya, ba sa cin ganye yadda ake zato, sai dai su ƙona hannu. Tafasasshen ruwa ma yana sa bututun roba ya saki, a riƙa sirka shi, fatar mai jego ma za ta gode.

Yawanci akan bar ɗan rami mai murfin siminti kusa da mahaɗar. Ta nan ake zura doguwar waya a jawo abin da ya toshe. A duba bututun iska da ke saman ɗaki, zanzaro kan yi gida a ciki. Kada kuma ka watsar da maganar mai gyaran nan gaba ɗaya. In an fitar da ganye matsalar ta dawo, sai a duba gangaren bututun, ko sokawe ya cika.

Gwaggo ba sai ka ce mata komai ba. Ka samo 'yar ragar waya ka ɗaure a bakin rariyar, ka riƙa kwashe ganyen da kanka bayan kowane wanka. Mai hankali ce, za ta gane, kuma ba wanda ya ji kunya.

Surukinka kuwa, abin da zai ɓata masa rai shi ne ya ji a bakin mutane cewa an kira wani a kan aikinsa. Kai kana jin nauyinsa, 'yarsa kuwa tana iya magana da shi. Ta aika masa yau cewa rariya ta toshe, ana neman ya zo ya nuna inda ya bi da bututu. Wanda ya binne shi ya san inda yake. Ranar da ya zo ka ajiye babur, ka tsaya kusa da shi da bokiti da waya, kanka a ƙasa kamar ranar da kake miƙa masa yashi.

Allah Ya ba mai jego lafiya, Ya sa a yi arba'in lafiya, Ya bar ku da dattawan nan biyu.