Ƙyallen da Ban Ɗaura Miki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina cikin hutun nan da kika sha roƙa wa wasu a bakin kaburburansu. Mu a Haɗeja muna nan yadda kika bar mu. Ruwa ya janye daga fadama, masu tumatir da tattasai sun koma gonakinsu, kifi kuwa ya yi tsadar da in da kina nan da mun sha mita. Ranar Asabar za ki cika shekara guda, Fada Iliya zai zo ya yi miki Misa. Shi ya sa na zauna rubuta takardar nan, domin akwai maganar da ba zan iya shiga coci da ita a cikina ba.

Kin ga har a takarda Fada Iliya nake cewa. Ke kika koya mini. Ƙanen da na goya har zanena ya ƙoƙe, wanda na share wa majina, ran da aka naɗa shi Fada kika ce in durƙusa ya sa mini albarka. Na durƙusa, Inna. Amma abin da ke raina a lokacin ba ya kama da albarka.

Kina tuna ranar. Bishop ya shafa masa mai mai tsarki a tafin hannu, aka goge da wani farin ƙyalle. Bayan Misarsa ta fari ya sauko daga bagadi ya miƙa miki ƙyallen a gaban jama'a. Aka yi wa waɗanda ba su sani ba bayani, cewa al'ada ce uwar Fada ta ajiye shi, ran da ta mutu a naɗe mata hannuwa da shi. In ta tsaya gaban Allah aka tambaye ta abin da ta kawo, sai ta nuna, ta ce ta ba da ɗanta. Matan zumunta suka ɗauki guɗa. Ni ina bakin ƙofa, na baro tukwanen shinkafa a kan wuta don in leƙa. Na koma wajen tukwanena ina share ido, duk wanda ya tambaya na ce hayaƙi ne.

Daga ranar nan sunanki ya canza. Har Hajiya Fanna, wadda kuka yi shekara talatin kuna banda kifi gefe da gefe, ta daina cewa Saratu mai banda, ta koma Uwar Fada. Masuntan da ke kawo muku kifi daga wajen Kirikasamma ma haka. Ke kuwa sai murmushi, kina gyara ɗankwali.

Aka tura shi aiki nesa, ni na zauna. Da ɓarin jikinki ya shanye, shekara shida ni ke juya ki, ni ke yi miki wanka, ni ke ba ki koko da cokali. Hannuwan nan naki da wuta da ƙayar kifi suka cinye, kullum sai na murza su da man kaɗanya, yatsa bayan yatsa, don kada su ƙage. Shi kuwa sau biyu yake zuwa a shekara, da ledar lemo da abin wuyansa fari fat. Tun yana ƙofar gida za ki fara, “Iliyana ya zo, Fadana ya zo!” A yanka zakara. Ni ce mai figewa.

Shekarar da ruwa ya shigo unguwa, a kan amalanke na tura ki har makarantar da ke kan tudu, ruwa iya gwiwa, fasasshiyar kwalba ta yanke ni a ƙafa. Muna isa, abin da kika fara tambaya shi ne gwangwanin da ƙyallen yake ciki. Jini na bin diddigena, kina kallo, gwangwani kika tambaya. Na koma cikin ruwan na ɗauko miki shi. Har yau tabon yana nan, kuma har yau in na tuna raina yakan ɓaci.

Sau nawa kika ce mini, “Ke za ki ɗaura mini shi, ban yarda da hannun kowa ba.” Nakan ce to.

Inna, ban ɗaura ba.

Ran da kika rasu, da muka gama yi miki wankan gawa ni da matan zumunta biyu, na ce su ba ni wuri in yi sallama da ke. Na buɗe gwangwanin. Ƙamshin man nan yana jikin ƙyallen kamar jiya aka shafa. Na dubi hannuwanki, suna sheƙi da man kaɗanyar da na shafa musu jiya-jiya. Na ce a raina, waɗannan hannuwan nawa ne, ni na san su, ba za su tafi gaban Allah suna shelar wani ba. Na naɗa miki rosarinki, carbin addu'arki, na ja mayafi na rufe, ƙyallen kuma na tura shi ƙasan akwatina.

Iliya ya iso an riga an rufe akwatin gawa. Ya ja ni gefe ya tambaye ni ko na ɗaura miki, na gyaɗa kai. Ya riƙe hannuna ya yi mini godiya. A cikin wa'azinsa ya gaya wa mutane cewa uwarsa ta tafi da shaidarta a hannu, coci duk ana kuka. Ina layin gaba ina kallon ƙasa.

Tun ranar ban ƙara tashi karɓar Jikin Almasihu ba, gurasar nan mai tsarki da Fada ke ba mu a Misa. Kin san cocinmu, ba mu da yawa, wanda bai tashi ba kowa ya gan shi. Layi zai wuce ta gefena, ni ina zaune kamar an kafe ni da ƙusa. Abin dariyar ma, ni ce mai koya wa yara katekizim, tambaya da amsar addini, ran Asabar. Ina bin su da amsoshi a kan tuba da furta zunubi, wanda ya yi kuskure in harare shi. Amsa dai babu wadda ban haddace ba.

Abin da ya fi cin raina tsoro ne. Na yi ta ganin ki tsaye a can, an tambaye ki, kin duba hannunki babu komai, kina waige-waige kina nema na.

A watan jiya, watan da muke addu'a domin matattu, na kasa jurewa, na je na furta wa tsohon Fadanmu. Na zaci zai yi faɗa. Cewa ya yi Allah ba mai gadin ƙofar kasuwa ba ne da zai ce sai an nuna masa takarda. Ƙyallen al'ada ce mai kyau, amma wanda ya halicci hannuwan ya san abin da suka bayar. Na ji kamar an sauke mini buhun shinkafa daga ka. Sai ya tambaye ni, a ganina ƙyallen na wane ne. Na ce na Iliya mana. Sai ya yi mini addu'ar gafara, ya sallame ni.

A hanyar gida, ta bakin kogi, amsar ta same ni. Iliya ya riga ya bayar. Tun ran da ya miƙa miki, ƙyallen ya zama naki. Shekara guda ina ganin na rama wa ƙanena, ashe shi ko gezau, yana can da kwanciyar ransa. Ke na hana. Abu ɗaya tak kika roƙe ni a duniya, kika damƙa shi a hannun da kika fi yarda da shi, hannun ya ci amana. Na tsaya a nan bakin ruwa ina kuka har masu wanki suka fara kallona.

A wurin na kuma gane wani abin da ban so ganewa ba. Jinyar da nake taƙama da ita, na yi ta da ƙauna, Allah shi ne shaida. Amma rabin zuciyata jira take a yi mini guɗa. Haka nake da ke, haka kuma nake da Allah: ina aiki ina satar kallon kwanon wani. Ban san cewa alherinsa ba tuwon gida ba ne da in an ƙara wa wani za a rage mini.

Kada ki ɗauka na warke. Na fahimta, amma kishin yana nan. Jiya ma da matan zumunta suka zo shirin tarbar Fada, ana gardamar kaza nawa za a yanka, sai da na ji abin ya motsa.

An gafarta mini, na sani, ina iya tashi in shiga layi. Sai dai ranar Asabar hannun Iliya ne zai miƙo mini, kuma ba zan buɗe baki in karɓa daga hannun da na yi wa ƙarya ba. Saboda haka ran Juma'a, yana sauka, kafin ya sha ruwa, zan sa masa gwangwanin a gabansa in faɗa masa. Takardar nan ma ba za ta fita ba sai ya ji daga bakina, bayan nan mai karantawa ya karanta. Ban san yadda zai ɗauka ba. Mu biyu kaɗai kika bari, ina tsoron kada daga ranar in zama ni kaɗai. Kabari kuma ba a tonewa, wannan ba shi da gyara.

Ki yafe mini, Inna. Ina da roƙo ɗaya, ko da yake ban cancanta ba. Ni 'yar fari ce, kunya ba ta taɓa bari ki kira sunana ba. Shekara arba'in da huɗu, daga “ke” sai “yarinyar nan”. Ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinki ba. Ina zaton can babu kunyar 'yar fari. In ana maganar 'ya'yanki a gaban Ubangiji, ki faɗe shi ko sau ɗaya ne.

Allah ya ba ki hutu madawwami, haskensa ya haskaka ki. Uwarmu Maryamu ta riƙe miki hannuwan nan da na bari babu ƙyalle. Ni kuma ki roƙa mini ƙarfin zuciya ran Juma'a. Amin.

Ni ce 'yarki,
Talatu